Farin ƙanzon da ke kashe hita a Abuja

Ranar da hitar banɗakinmu ta mutu karo na biyu cikin shekara ɗaya da rabi, tsakiyar hunturu ne, kuma kamar kowa a Abuja, wutar lantarki na fara shafa wa kashin kaji. Ai an saba da halinta: ta zo da ƙarfi, ta ɗauke, ta dawo rabi-rabi. Mai gyaran famfon da na kira bai tsaya gardama da ni ba. Ya kashe makunni, ya rufe bututun da ke shayar da hitar, ya tara bokiti, ya kwance murfin ƙasan. Da ruwan ya kusa ƙarewa sai wasu abubuwa suka fara biyo shi, farare, wasu kamar ɓawon ƙwai, wasu kamar allin da ya jiƙa, har suka rufe gindin bokitin. Da ya zaro ƙarfen da ke dafa ruwan, wanda su suke kira elimen, kasa gane shi na yi. Ya yi ƙiba, ya yi fari fat kamar ɓararren rogo, gefe guda kuma ya tsage.

"Maigida, wannan ba wuta ba ce," in ji shi, yana ƙwanƙwasa shi a bakin bokiti. "Ruwanku ne ya cinye shi."

Rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin ma ya fi abin da na sani a lokacin. Ruwa ne ya ɗauko kayan, amma zafi ne ya sauke su a jikin ƙarfen. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta sayen elimen, in ya gaji ya koma sayen matatar ruwa mai tsada wadda ba ruwanta da cutar gidansa.

Hausawa ba baƙin wannan ruwa ba ne. Tun kafin zuwan famfo an san rijiyar daɗi, an san rijiyar zartsi, kuma mata sun san wadda ake zuwa don ɗibar na sha da wadda ko wanki ba ta yi saboda sabulu ba ya kumfa a ruwanta. Sai dai zartsi a bakinmu kalma ce mai faɗi, duk ruwan da ya yi ɗanɗanon gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa ya shiga ciki. Abin da masana sinadarai suke aunawa bai kai haka faɗi ba. Abu biyu suke ƙirgawa, kalsiyam da magnesiyam da suka narke a ruwa, kuma ruwa yana iya ɗauke da su da yawa harshe bai ji komai ba. Namu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Wasu suna ce masa ruwa mai nauyi. Ni zan ci gaba da cewa zartsi, amma wannan nake nufi.

Ruwan sama yana saukowa kusan ba komai a cikinsa, shi ya sa sabulu kaɗan yake isar wanki da shi, har mutum ya yi ta ɗauraya santsi bai fita ba. Idan ya nutse cikin ƙasa sai ya haɗu da iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓun ganyaye suke fitarwa, ya ɗan yi tsami. Tsamin bai kai harshe ya ji ba, amma ya isa ya riƙa lasar dutse. In dutsen na farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gombe, sai ya narke ya bi ruwan a siffar da ake kira bikabonet. Muddin iskar nan tana cikin ruwan, dutsen a narke yake, ido ba ya ganinsa. Da an ɗora ruwan a wuta sai iskar ta fice, shi kuwa dutsen ba shi da wurin zuwa, sai ya koma dutsensa, kuma a inda ya fi zafi yake zama, wato jikin elimen ko gindin buta. Sukari yana ƙara narkewa ne a ruwan zafi, wannan kuwa halinsa a juye yake: iya zafi iya zamansa. Daga wajen digiri 60 zuwa sama yake fara taruwa da gaske. Ƙanzo ne sak, irin na tukunyar tuwo, sai dai wannan ba ya jiƙa a kwana ɗaya, kuma ba mai cinsa da safe.

Ba duk zartsi ne tafasa take saukewa ba. Akwai wanda kalsiyam ɗinsa yake tafe da salfet ko kulorayid, shi ko an tafasa ruwan yana nan a narke. Wannan bai cika yin ƙanzo a buta ba, amma yana cin sabulu kamar ɗan'uwansa.

Da miligiram a kowace lita ake auna shi. Ƙasa da 60 ruwan daɗi ne, daga nan zuwa 120 tsaka-tsaki, zuwa 180 ya yi zartsi, abin da ya haura 180 kuwa ya kai maƙura. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 ya sa iyaka a 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba, abin da ta ce shi ne in ya wuce wajen 200 yakan fara yin ƙanzo a bututu da kayan dafa ruwa. Miligiram abu ne da ba ya cika ido, sai an yi lissafi. Ɗauki gidan da ruwansa yake da 200, hitarsa tana dafa lita 50 kullum. Giram 10 ke nan na narkakken dutse yake bi ta cikinta a rana, sama da kilo 3 da rabi a shekara. Ba duka yake zama ba, amma ko kashi ɗaya cikin goma ya zauna, ya isa ya cika bokitin mai gyarana da abin mamaki.

To amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Abuja ba a kan dutsen farar ƙasa take zaune ba. Ɗaga kai ka dubi Aso, ko duwatsun Mpape da ake fasawa ana gini da su: tsohon dutse ne mai tauri, giranit da danginsa, wanda ruwa ba ya narkarwa da sauƙi. Ruwan Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya kuma daga madatsar Usuma yake fitowa, can Ushafa ta wajen Bwari, ana ƙara mata da na madatsar Gurara ta jihar Kaduna ta wani ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Ruwan sama ne da ya gangaro ta kan irin waɗannan duwatsu ya taru a fili, bai daɗe a ƙarƙashin ƙasa ba, saboda haka a bisa al'ada ba ya ɗauko kalsiyam mai yawa. Landan ce take fama da wannan cuta daga tushe, domin yankinta na dutsen alli ne, ruwan da hukuma take turawa da kansa yana haura 200, kowace buta a garin da ƙanzonta. Abuja ba haka take ba. Mutumin Maitama ko Asokoro ko Wuse da yake kan layin hukuma yana iya shekara da shekaru bai ga abin da na gani ba.

Shi ya sa idan wani ya ce mini ruwan famfon Abuja yana kashe hita, sai in tambaye shi: famfon naku daga ina yake sha? Famfo kan bututu ne kawai. A Lugbe da Lokogoma da Kuje da Karu, har ka tsallaka Mararraba, yawancin kawunan da ake murɗawa daga tankin saman gida suke sha, tankin kuma daga burtsatsen cikin gida ko na rukunin gidajen, ko daga tankar da ta kawo jiya wadda ba wanda ya san inda ta ɗebo, ko daga jarkokin 'yan ga-ruwa. Garin ya yi girman da bututun hukuma bai bi shi ba, sai kowa ya huda ƙasa. Abin da muke kira ruwan Abuja ruwaye ne dubbai, kowanne da halinsa.

Burtsatse a ƙasar dutse ba tafki yake tararwa a ƙasa ba. Ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Su waɗannan duwatsu, duk da taurinsu, suna da ma'adinai masu kalsiyam da magnesiyam a jikinsu, wani ya fi wani, kuma suna saki a hankali. Ruwan da ya shekara goma a cikin tsaga ya fi wanda ya sauka daminar bara ɗaukar kaya. Saboda haka gida biyu a layi ɗaya, katanga ce kawai tsakaninsu, wannan ya huda mita 40 ya samu ruwa, wancan sai da ya wuce 100, ruwansu ya sha bamban. Ko a gida ɗaya ma, ruwan Maris ba lallai ya zama na Agusta ba, domin damina tana tsarma shi. Akwai kuma zartsin da mu muke ƙara wa kanmu: sabon tankin ƙasa na kankare da zoben rijiya suna sakar wa ruwa farar ƙasa, musamman a farkon amfaninsu.

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane tsami ne zartsi ba, kuma nan mutane suka fi yin asara. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ita ma kuka take da ruwa, har ta ce mana cutarmu ɗaya. Da na leƙa banɗakinsu sai na ga ja ne, ba fari ba. Masan ya yi zobe launin tsatsa, fararen kayan yara sun koma kalar ƙasa. Wannan ƙarfe ne. Yana fitowa daga burtsatse a narke, ruwan garau, sai ya sha iska a tanki ko a bokiti ya juya ja, ya kwanta. Miligiram 0.3 kacal a lita ya isa ya fara ɓata wanki. Maganinsa a sa ruwan ya sha iska tun kafin ya shiga gida, ya kwanta, a tace da yashi. Wani gidan kuma tabon shuɗi-kore za ka gani a ƙarƙashin famfo, bututun ƙarfe yana ta hujewa. Wannan kishiyar zartsi ce ma: ruwan ya yi sauƙi da yawa, ga ɗan tsami, ba shi da abin da zai shafe cikin bututu da shi, sai ya koma cin ƙarfen. A ƙasar giranit irin tamu ba baƙon abu ba ne. Ɗan siririn ƙanzo a cikin bututu kariya ne gare shi, wanda ya cire shi tas yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. Sai laka, wadda kowa ya sani. Sai kuma ruwan da yake fitowa fari kamar madara bayan an daɗe ba a kawo ba, wanda yake tsorata mutane alhali iska ce kawai: tara shi a kofin gilashi, za ka ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama.

Gwajin farin ƙanzo kuwa ba ya buƙatar ko sisi. Ɓanɓaro kaɗan, ka matsa masa lemon tsami. In ya fara tsiyayar kumfa yana ƙara ƙasa-ƙasa, shi ne.

Hitar bango ce ta fi kowa shan wahala, don ita ce take tara ruwa mai yawa ta riƙe shi da zafi na sa'o'i. Elimen an yi shi ne ya miƙa zafinsa ga ruwa nan take, ruwan ne yake sanyaya shi. Ƙanzo kuwa bargo ne. Jan ƙarfe ya fi shi wuce da zafi sama da sau ɗari. Da ya lulluɓe elimen sai zafin ya rasa mafita, wayar ciki ta yi ta ƙuna fiye da ƙima, kwanon waje ya kumbura ya tsage, ruwa ya shiga. Daga nan ko dai ya mutu shiru, ko ya fara jefar da wutar gidan, ko, Allah ya kiyaye, famfon wanka ya fara jan mutum. Wannan ƙarar da hita take yi kamar ana soya gurguru a cikinta, ruwa ne da ya maƙale a ƙarƙashin ƙanzo yake tafasa yana fashewa. Gargaɗi ne, mu kuwa mun ɗauka alamar tana aiki ce.

Masu tallan kayan tace ruwa suna son cewa ƙanzo yana ninka kuɗin wuta. A nan ina da ja. Dafa lita 50 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin wajen yunit 2, kuma elimen da yake nitse cikin ruwa ba shi da inda zai kai zafinsa sai cikin ruwan, da ƙanzo ko babu. Asarar wutar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Inda ƙanzo yake cin makamashi da gaske shi ne tukunyar da ake hura wa wuta daga waje, kamar butar kan gas, domin zafin da bai ratsa gindin ba iska yake bi. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kowa ya zama mai lissafi, kuma da wannan tsoron ake sayar mana da kaya. Ainihin asarar mai hita ita ce elimen, da kuɗin mai gyara, da tukunyar da take mutuwa tun kwananta bai ƙare ba.

Akwai abu biyu a jikin hita da ban taɓa sanin suna nan ba sai ranar. Ɗaya sanda ce ta magnesiyam da ake sakawa a ciki don tsatsa ta ci ita maimakon tukunyar. Tamu ta cinye saura waya, kuma ba wanda ya taɓa ce mini ana canza ta. Ɗayan shi ne ɗan bawul ɗin da ke gefen bututun shiga, wanda yake sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a ciki. Ƙanzo yana iya daskarar da shi. Wani kuma in ya ga yana ɗiga sai ya sa a toshe masa shi gaba ɗaya don kada ya ɓata tayil. Wannan ganganci ne. Tukunyar ruwan zafi a rufe ruf, ranar da na'urar da ke yanke mata wuta ta ƙi aiki, ba hita ba ce kuma.

Butar lantarki da hitar bokiti cutarsu ɗaya da ta bango, sai dai su ana gani. Ayan mai tururi kuwa ba ya nuna komai sai ranar Juma'a, ka shimfiɗa farar shadda, ya tofa mata ɓarɓashi da ruwan ƙasa-ƙasa. Ramukansa ƙanana ne, kuma duk ɗigon da ya zama tururi ya bar kayansa a ciki. Ruwan da ke ɗiga daga bayan esi ba shi da waɗannan ma'adinai, in an tace shi da ƙyalle mai tsabta yana yi wa ayan daidai, amma ba na sha ba ne. Batirin inbata mai shan ruwa shi ma ba a ba shi na famfo sam, sai tataccen ruwan batir. Kan shawa da yake fesa ruwa ta gefe-gefe, da famfon da ya dushe, da farantin sola da aka wanke ƙurar hunturu da ruwan burtsatse ya bushe da ɗigo-ɗigo, su ba zafi ne ya kama su ba, bushewa ce: ruwa ya tashi, dutse ya zauna.

Injin wanki ana yawan sa shi a wannan layi, amma sai a bambanta. Mai ƙofa a gaba, wanda yake dafa ruwansa, yana da elimen kuma yana yin ƙanzo idan ana yawan wankin zafi. Mai baho biyu da ya fi yawa a gidajenmu da ruwan sanyi yake aiki, abin da zai same shi bai wuce toshewar 'yar ragar bakin tiyo ba. Matsalar wanki a ruwan zartsi ta sabulu ce. Kalsiyam yana kama sabulun sanda ya mai da shi wani dusa-dusa mai danƙo da ba ya narkewa, sai ya gama cinye kalsiyam ɗin kafin kumfa ta fara. Wannan dusar ce take maƙalewa a zare, tawul ya yi ƙarfi kamar buhu, farin kaya ya yi duhu, ita ce kuma zoben da ke bakin baho da ƙaiƙayin da wasu suke ji bayan wanka. Garin sabulu na zamani an haɗa shi da sinadaran da suke ɗaure kalsiyam, shi ya sa ya fi jurewa, sai dai a ƙara yawansa.

Goggona ce ma ta fara gano ruwanmu, tun kafin hita ta mutu, ni ne ban saurara ba. Ta zo mana kwana biyu daga gida, ta ɗora wake, ta yi ta jira. Can ta leƙo falo ta ce, "Kai ɗan nan, wane irin ruwa gare ku? Wake ya ƙi nuna. Miƙo mini kanwa." Na ce, "Goggo, ko dai waken ne tsoho?" Ta ce waken da ta zo da shi ne. Gaskiyarta. Kalsiyam yana ƙara ɗaure ɓawon wake da naman cikinsa, ya hana su laushi da wuri. Kanwa kuwa gishirin sodiyam ce mai kabonet, 'yar'uwar sodar wanki, tana sauke kalsiyam daga ruwa tana kuma sassauta waken. Abin da iyayenmu suke yi a madafa da ɗan gutsuren kanwa, shi ne a wani ɓangare abin da manyan matatun ruwa suke yi da soda. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotlan, Thomas Clark, shi ya yi rajistar hanyar rage zartsi da farar ƙasa a 1841, wato a kori dutse da dutse, kuma da kumfar sabulu yake auna ƙarfin ruwa. Gwajinsa har yau yana aiki a gida: gora biyu, ɗaya ruwan famfonka, ɗaya ruwan sama ko na batir, ka sa musu ɗan sabulun sanda daidai wa daida, ka girgiza. Wanda ya yi fari-fari kamar tsarmin nono ba kumfa a sama, ya faɗi sunansa.

Batun lafiya ba zan daɗe a kai ba. Jama'a suna ganin ƙanzon buta su ce haka yake taruwa a ƙoda. Ciki ba buta ba ne. Kalsiyam da magnesiyam abinci ne ga jiki, kuma ba a samu gamsasshiyar hujjar cewa shan irin wannan ruwa yana cutarwa ba. Ƙarancin shan ruwa a zafin Maris ya fi kusa da kawo tsakuwar ƙoda. Abin tsoro a burtsatsen Abuja shi ne wanda ba ya barin tabo a buta, wato ramin masai da aka haƙa taku kaɗan daga rijiya saboda fili ya yi tsada.

Yanzu ga kasuwa. Je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko kowane shagon kayan famfo ka ce ruwanka yana ɓata hita, da wuya ka fito ba a ɗora maka shuɗayen gwangwanayen nan masu kyandir a ciki ba. Suna da amfaninsu. Mai farin kyandir yana tare laka da yashi, mai gawayi yana ɗauke wari da kulorin. Amma narkakken kalsiyam wucewa yake ta cikinsu kamar yadda gishirin miya yake wuce rariya. Wani kuma zai zo har gida da ɗan alƙalamin da ake tsomawa a ruwa, lamba ta fito, ya girgiza kai. Alƙalamin nan jimillar duk abin da ya narke yake ƙiyastawa ta hanyar yadda ruwan yake ɗaukar lantarki, bai san kalsiyam daga gishiri ba, bai kuma san ƙwayar cuta ba. Mafi muni shi ne mai na'urar da ake tsoma sanduna a kofi a kunna wuta, ruwan ya koma baƙi-ja kamar na kwata, a ce wai dattin da kake sha ne. Sandar ƙarfen ce take narkewa. Ko ruwa mai tsabta ka sa wa ɗan gishiri haka zai yi. Na'urorin maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin bututu kuwa ba sa cire komai daga ruwan, kuma ni ba zan sa kuɗina a kansu ba.

Abin da yake cire zartsi da gaske iri biyu ne. Akwai tulun da aka cika da ƙananan ƙwayoyin roba kamar ƙwan kifi, waɗanda suke kama kalsiyam da magnesiyam su saki sodiyam a madadinsu. In sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri su dawo sabbi. Yana aiki, amma dabba ce mai cin gishiri buhu-buhu, yana son ruwa mai ƙarfin turi wanda tankin saman bene ɗaya bai cika bayarwa ba, kuma in ruwan yana da ƙarfe ƙwayoyin suna lalacewa da wuri. Duk miligiram 100 na zartsi da ya cire yana barin wajen 46 na sodiyam, saboda haka gidan da ke da mai hawan jini gara a bar famfon kicin a kan asalin ruwan. Na biyun shi ne mai tura ruwa ta cikin wata fata mai matsanancin ƙanƙantar ƙofofi, irin wanda masu fiya wata da yawa suke amfani da shi. Yana cire kusan komai, amma ƙananan na gida sukan zubar da ruwan da ya fi wanda suke bayarwa. Na sha ne da girki. Wanda yake sayen tanka ba zai yi wanka da shi ba.

A ganina gidaje da yawa a Abuja ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun, kuma sayensu ba tare da gwaji ba sayen kifi ne a ruwa. Gora ɗaya ta ruwan gidan, a kai ɗakin gwaji, na jami'a ko na hukuma ko na 'yan kasuwa, a ce a duba zartsi da ƙarfe da tsami da ƙwayoyin cuta, ya fi shawarar mai shago goma. In da hali a yi sau biyu, rani da damina. Abin haushin shi ne wanda ya haƙa burtsatsen ba shi ne yake sayen elimen ba. Mai gida ya huda ƙasa, ya ga ruwa garau, ya yi hamdala, ya sa haya. Ɗan haya ne yake gano halin ruwan da aljihunsa, kuma in ya tashi fita a ce shi ya lalata hita, a cire a kuɗin ajiya. Muna tambayar ejan ko akwai ruwa, ba ma tambayar wane iri.

Wanda zartsinsa tsaka-tsaki ne, tsami ya ishe shi. Ruwan khal, ko lemon tsami, ko hodar sitirik da masu kayan haɗa lemo suke sayarwa, a zuba a buta da ruwa, a ɗumama, a bari ya jiƙa, a ɗauraye sosai. Kan shawa a kwance shi a kwana da shi a ciki. Kada a kankare da wuƙa, kada a kawo asid ɗin wanke tayil mai ƙarfi kusa da ƙarfe, kada tsami ya taɓa daɓen mabul don shi ma dutsen farar ƙasa ne, kuma ko da wasa kada a haɗa shi da bilic, iskar da suke fitarwa guba ce. A daina barin ragowar ruwa a buta ana ta maimaita tafasa shi.

Hita kuwa a juya maɓallinta. Tamu a ƙarshe take tun ranar da aka ɗaura ta, muna dafa ruwa ya yi zafin fige kaza sannan mu surka da na sanyi, a kunne dare da rana duk lokacin da akwai wuta. Wajen digiri 60 ya isa. Kada kuma a yi ƙasa da haka sosai, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da yake kwance a tukunya gidan ƙwayar Lejiyonela ne, mai kawo ciwon huhu. Mai gyaran ya mayar da maɓallin tsakiya, ya sa sabuwar sandar magnesiyam, ya ɗaga hannun bawul ɗin har sai da ya tofar da ruwa, ya ce in riƙa yin haka lokaci-lokaci. Muka yi da shi zai dawo duk watan Oktoba, kafin sanyi ya shigo, ya zubar da ruwan ya kwashe abin da ya taru. Da ya dawo, abin da ya fito bai cika tafin hannunsa ba. Yana haɗa kayansa maƙwabciyarmu ta aiko yaro, wai in ya gama ya leƙo, an ɗaura musu gwangwanaye uku amma masan yana nan ja.